Takarda daga Filinge zuwa ga Mai Zanen da Zai Tafi Alje

Ɗana,

 Mu nan Filinge sai godiya. Gero ya fid da kai, yara na wuni a gona wajen korar tsuntsaye, in Allah ya ƙaro ruwa ɗaya ko biyu, bana rumbu zai ga hatsi.

Ranar Talata bayan la'asar uwarka ta zo mini da wayarta, ta ce in saurari muryarka, wai an gayyace ka bikin masu labarin zane na ƙasar Aljeriya, wanda kuke kira FIBDA. Sau uku ta sa na saurara. Murna take yi, amma na ga tsoro a idonta, don a saninta duk wanda ya ce Aljeriya, hamada ya nufa a bayan mota. Sai da na tabbatar mata jirgin sama za ka hau, da takardar gayyata a hannunka, sannan ta yarda ta sha ruwan da aka kawo mata. Ta ce in yi maka magana. Ni kuwa tsohon malamin lekol ne, maganar waya ba ta isata, sai na ga baƙi a kan fari. Ka yi haƙuri da tsawon takardar.

Bari in fara da amsa laifina. Kayenka na aji biyar yana nan cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun fansho. Ka tuna ranar da na ƙwace shi? Ina gaban allo ina bayanin rabawa, kai kana can baya ka duƙufa. Na zagayo a hankali, na tarar ka zana ni a kan kekena, iska ta cika mini riga kamar buhu, kunnuwana kamar faifai biyu. Na yi maka bulala huɗu a gaban ƴan aji, don a cikin aji ni mushe ne, rafani yana gida. Da dare na kunna fitilar ƙwai na sake duba zanen, na yi ta dariya har uwargidana ta farka tana tambaya ko lafiya. Abin da ya katse mini dariyar shi ne takalmina na hagu. Ka zana facin da baduku ya yi masa, har da zaren da ya leƙo, facin da na yi wata uku ina zaton ba wanda ya lura da shi. Tun daren nan na san Allah ya ba ka ido. Bulalar kuwa, ka yafe mini.

Idon nan nake so ka tafi da shi, don ni na je garin, nawa na bari a gida. A 1984 aka tura mu wani kwas na malamai a Alje, mako uku. Na ari kwat, na sayi fim biyu na kyamara, na dawo da hoto saba'in, kowanne ni ne a tsakiya, na ƙame kamar soja, gini a bayana. Ga ni gaban babban gidan waya, ga ni bakin teku, ga ni a lambun Hamma. Yau in ka tambaye ni kamannin tsohon da ya yi mako uku yana sayar mana da burodi kowace safiya, wallahi ko yana da gemu ba zan iya ce maka ba. Na je na dawo, kaina kawai na gano.

Saboda haka ka sayi ƙaramin littafin zane mai shiga aljihu, ka ɗora wa kanka shafi biyar kullum, ko kana so ko ba ka so. Wayar salula tana gani a madadin mutum, shi ya wuce abinsa. Fensir kuwa sai ya zaunar da kai. Ka ware safiya guda ka hau Kasba, tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1992, shekara 21 kafin tsohon garin Agadas ya shiga. An ɗora unguwar a jikin tudu ne, fararen gidaje na hawa kan juna har su gangara teku, titunanta matakala, wani lungun mutum biyu ba sa jerawa. Mota ba ta shiga, shi ya sa jakuna ke kwashe shara. Ka zano mini jakin Kasba in gwada da namu. Kai da ka tashi cikin kwarin Dallol, inda gidaje ke zaune a ƙasa ɗaya, ba ka taɓa zana titin da ke hawa sama ba. Hannunka zai sha wuya, kuma wuyar ita ce karatun. Ka tafi da ɗan gari. Ka nemi izini kafin ka zana mutum, balle mace, kuma barikin soja da ofishin ƴan sanda ko kallon kirki kada ka yi musu da littafi a hannu.

Gidan tarihi na Bardo ma kada ya wuce ka. Can aka ajiye ƙasusuwa da kayan adon da aka tono a 1925 daga kabarin Abalesa, wanda ake dangantawa da Tin Hinan, matar da Abzinawan Ahaggar ke kira kakarsu. Maƙwabtanmu na Imanan, mutanen Bonkuku, za su so jin wannan daga bakinka. Akwai kuma misalan zanen duwatsun Tasili, shanu masu dogayen ƙaho da makiyayansu, aikin dubban shekaru. Ka daɗe a gabansu. Duk wanda ya ƙara ce maka zane aikin Nasara ne da ka aro, ka tuna masa da su, da raƙuman dawan Dabus na ƙasarmu da aka sassaƙa a dutse, babban ya haura mita biyar.

Shi bikin, tun 2008 ake yin sa, galibi a watan Oktoba, cikin rumfuna a filin Riyad El Fet, gindin Maƙamu Shahid, hasumiyar nan mai siffar ganyen dabino uku, tsawon mita 92, da aka buɗe a 1982 don tunawa da waɗanda suka kwanta dama a yaƙin neman ƴancin ƙasar. Za ka tarar da samari da ƴan mata sun yi shigar jaruman manga na Japan, gashi shuɗi, takobin kwali. Kada ka yi musu dariya, yara ne suna jin daɗin abin da suke karantawa. Amma bayan ka gama kallonsu, ka nemi littattafan Slim, wanda a 1969 ya fito da Buzid, baƙauye mai gashin baki da sanda, da masoyiyarsa Zina mai lulluɓi. A ƙauyen ƙasarsu ya samo jaruminsa, shi ya sa mutanen suka riƙe shi kamar ɗan gidansu.

Mu ma muna da namu, ko da yake ku yaran yanzu ba ku cika ambatonsa ba. Mustafa Alasan, ɗan Ndunga, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 2015. Ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke sa zane ya yi motsi, ya dawo gida ya zana kwaɗi. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara ƙasar waje, da fareti da tarba ta ƙasaita, fim na ƴan mintoci da duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran wucewar babban mutum zai gane. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Fim ɗin nan yakan faɗo mini a rai duk lokacin da na ga ɗan Kurfai ya dawo daga Abijan ko Kumasi da rediyo a kafaɗa, ya manta yadda ake durƙusa wa tsoho. Ka koyo yadda suke raba shafi, yadda suke sa inuwa, irin takarda da tawadar da ba ta dushewa, yadda ake sa launi da kwamfuta. Wannan duk sana'a ce, ko'ina aka gan ta a ɗauko. Amma in ka dawo kana zana ƴan matan Cikal da idanu kamar kwano da hanci kamar ƙwayar gero, to ka zo mana da akwatin kaboyi. Kama da wane ba ta wane.

Tun da na ambaci Cikal, akwai labarin da ba na jin an taɓa ba ka shi yadda ya kamata. Wajen 1925, a Cikal ɗin, nan ƙasar Kurfai, wata mata da ake kira Shibo da mabiyanta suka taso da wani irin bori da ba a saba gani ba, Babule, wanda duniya ta sani da sunan Hauka. Iskokinsu Nasara ne da barorinsa: Gwamna, Kumandan, Kafaran gardi, Likita. Su saɓa bindigar itace, su yi maci, su sara kamar soja, su yi ta daka tsawa da karyayyen Faransanci. Kumandan Yamai na lokacin, Krosikiya, ya sa aka kama su aka kulle. Bai ankara ba shi ma ya shiga jerin iskokin, da sunan Kumandan Mugu. Ba yabon bori nake yi ba, ka san ni, ka san gidan da ka fito. Abin da nake nuna maka shi ne, talakawan da ba su taɓa riƙe fensir ba sun ƙare wa mai mulki kallo har suka kwafe tafiyarsa da tsawarsa da yadda yake murza bulala. Zanen barkwanci suka yi, da jikinsu.

Ƴan cin rani suka kai abin har Akara, can Jean Rouch ya ɗauke shi a 1954, fim ɗin da ya kira Les Maîtres fous. Da aka nuna shi a Paris, ƴan Afirkan da suka kalla ransu ya ɓaci, don sun san abin da baƙo zai tafi da shi: kumfa a baki da naman kare. Dariyar da ake yi wa Gwamna ta wuce ta samansa. Irin wannan za ka tarar. Za a tsaya gaban teburinka, a ji kai ɗan Tilaberi ne, a saki kunne ana jiran bindiga da yunwa. Gaskiya ne mun binne mutane. A Sinagodar kaɗai, a Janairun 2020, sojoji 89 aka kashe, kuma ba zan ce ka ɓoye ba. Sai dai in nan ka tsaya, ka sayar musu da abin da suka riga suka zo da shi daga gida. Ka buɗe musu shafin kasuwar Lahadi ta Balayara, da jajayen shanun Azawak na Tukunus, da matan da ke shanya cuku, da ɗan kokawar da aka kayar yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Su ga masu dariya ne ake kashewa.

Wani abu kuma mai nauyi. A titi kana iya cin karo da mata da yara suna bara, Hausa a bakinsu. Namu ne, da yawansu daga yankin Kance. A Oktoban 2013 ƙishirwa ta kashe mutum 92 a hamada a kan hanyar nan, yawancinsu mata da ƙananan yara, kuma kana jin labarin waɗanda ake kwasowa a sauke kusa da Asamaka. Kada kunya ta sa ka juya harshe zuwa Faransanci ka wuce. Ka yi sallama, ka tambayi garinsu, ka ba da abin da ya sawwaƙa. In sun yarda ka zana su, ka ba fuskarsu irin lurar da ka ba facin takalmina.

Uwarka ta fi damuwa da maganar addini, kuma tana da hujja. Za ka zauna da masu zanen da ke ganin babu abin da alƙalami bai isa ya taɓa ba. Kai ka san abin da ya faru a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 bayan zanen Charlie Hebdo: rayuka goma, da coci-cocin maƙwabtanmu da aka ƙona alhali ba su zana kome ba. In an ja ka da muhawara ka faɗi iyakarka cikin sanyin murya, ka ci gaba da shan shayinka. Annabawa da addinin mutane, naka da na wani, ka bar su. Masu mulki da masu kuɗi da tsofaffin malaman lekol masu manyan kunnuwa sun ishe ka aiki har tsufa. Salla kuwa ba za ta ba ka wuya ba: su ma Malikawa ne, Warshu suke karantawa, agogonsu ɗaya da namu, alƙibla ce kawai za ka ga ta ɗan karkata kudu. In ka sami Juma'a, ka je babban masallacin da suka gina bayan zuwana, mai hasumiyar mita 265, ka yi mana addu'a.

Sauran ƴan ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da matafiyi. Fasfo da katin allurar shawara su zauna a jikinka, kwafinsu a jaka. Ka tafi da rigar sanyi, iskar teku a Oktoba ba irin zafin kakarmu ba ce. Kafin ka tashi ka ɗauki hoton kowane shafi na aikinka, ka biya ta BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, a rubuta maka shi. In wani mai buga littafi ya miƙo maka yarjejeniya cikin hayaniyar rumfa, ka yi godiya, ka naɗe ta, ka zo da ita gida a karanta da ido biyu: shekara nawa, ƙasa nawa, kashi nawa naka, wa ke da ikon fassara ta da Hausa. Zanen hannunka na asali kuwa kada ka ba da shi kyauta don an yaba maka. Yabo yana ƙarewa a filin jirgi.

Daraktan lekol ɗinmu ya ce in ka dawo ka zo ka yi wa ƴan aji biyar darasi guda, na riga na amsa a madadinka. Ranar zan zo da kayenka in mayar maka a gabansu. Ka sayo mini littafin Slim ɗaya, ko tsoho ne. Uwarka za ta aiko maka da cuku ta motar Lahadi, ka je tasha da kanka ka karɓa, kada ka aiki yaro.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Rafaninka,
Filinge