KIWON LAFIYA: Wace kujera ta dace da gida mai ƙananan yara?

Darasinmu na yau ya shafi kujerar zaman ɗaki, wato doguwar kujera mai soso wadda mutum biyu ko uku ke zama a kanta. A da can, sai a gidajen ma'aikata da manyan ƴan kasuwa ake ganinta. Yau ta shiga ƙauyuka. Manomi in ya sayar da albasa ko wake ko aya, yakan so ya gyara ɗakinsa. Iyayen amarya kuma ba su ganin ɗaki ya cika sai da kujeru.

Wannan ba laifi ba ne. Amma da yawa daga cikinmu da ido kawai muke zaɓe. Muna duba launi da girma, muna mantawa da yaran da za su hau kujerar dare da rana. Abin da muke so mu riƙe a wannan darasi abu guda ne: a gida mai ƙananan yara, kujera ta ƙwarai ita ce wadda ake iya kwancewa, a wanke, a shanya a rana.

Ina ruwan kujera da lafiya?

Mu dubi yaro mai rarrafe. Yana dafa kujera ya miƙe. Yana lasar hannunta. Kunu ya zube masa a kai, ya yi tumbiɗi, ya yi fitsari, wani lokaci har da kashi. Tabarma in ta ɓaci, sai a fitar da ita waje a wanke. Soson kujera kuwa shanyewa yake yi. Sama ta bushe, ciki yana nan da danshi kwana da kwanaki.

Abubuwa huɗu ne ke samun mafaka a irin wannan kujera.

Na farko, ƙwayoyin cutar zawo. Wasu na cewa kashin jinjiri ba ƙazanta ba ne. Wannan kuskure ne. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna rota, wadda ke sa jarirai zawo da amai mai tsanani. Tana iya yin kwanaki da ranta a jikin kayan ɗaki. Yaro ya taɓa wurin, ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Tun shekarar 2014 aka sa rigakafin rota cikin rigakafin jarirai a ƙasarmu ta Nijar. Ɗigawa ake yi a baki. Amma rigakafin bai hana kowane irin zawo ba, don haka tsabta tana nan da muhimmancinta.

Na biyu, ƙura. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina. Yadi mai gashi-gashi yana riƙe ta. Duk wanda ya zauna sai ta tashi. Tana ƙara wa yara tari da atishawa, tana kuma tayar da fuka ga mai ita.

Na uku, ƙazunzumi, wanda wasu ke kira kuɗin cizo. Yana ɓuya cikin ɗinki da tsagar katako, ya fito da dare ya sha jini. Macen tana yin ɗaruruwan ƙwai a rayuwarta. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Ƙazunzumi yana iya yin watanni bai ci kome ba, kuma bai mutu ba. Yaron da ya ciza yana susa har ya ji ciwo, ga rashin barci.

Na huɗu, kyankyasai da ɓeraye da kunama. Su ƙarƙashin kujera suke so, inda akwai duhu da burbushin abinci, inda tsintsiya ba ta kai.

Mu fara duba ƙashin kujera

Kafin mu dubi yadi, mu dubi ƙashin kujerar, wato katako ko ƙarfen da ke ɗauke da ita.

Akwai kujerar da aka lulluɓe gaba ɗaya, aka buga yadin da ƙusa, soso yana ciki. Tana da kyan gani. Amma abin da ya shiga cikinta ba ya fita. Wannan ba ta dace da gida mai yara ba.

Akwai kuma wadda ƙashinta yake a fili, sosunan zama da na jingina ana ɗora su ne a kai. In an ɗauke su, sai katako ko ƙarfe kawai ya rage. Irin wannan muke ba da shawarar a saya. Kafintoci da masu walda na garuruwanmu, daga Yamai zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, duk sun iya yin ta.

In ta katako ce, a tabbata katakon busasshe ne, an goge shi sumul, an shafa masa fenti ko mai. A toshe duk wata tsaga, domin nan ne gidan ƙazunzumi. Inda gara ta yi yawa, ta ƙarfe ta fi daɗewa.

Mu dubi ƙafafu. Tsakanin ƙasa da cikin kujera a samu wajen taƙi guda, wato kamar santimita 20. Haka tsintsiya za ta shiga kullum ba sai an ja kujerar ba.

Mu shafa hannu ko'ina. Kada a samu bakin ƙusa, ko kusurwa mai kaifi daidai kan yaro. Mu guji kujera mai adon maɓallai da duwatsu da ƙananan ƙusoshi masu ƙyalli. Yaro yana iya ɓamɓare su ya haɗiye, su shaƙe shi. Mu girgiza ta kuma, mu ga ba ta kifewa in yaro ya rataya a hannunta.

Soso da rigarsa

Soso iri-iri ne. Mu ɗaga shi mu ji nauyinsa. Mai nauyi ya fi mara nauyi daɗewa. Mu danna shi da hannu mu sake. In ya komo nan da nan, yana da kyau. In ramin hannu ya tsaya, ba zai jima ba zai lotse. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Kowane soso a yi masa riga biyu. Ta ciki, leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa. Ita ce ke tsare soso daga fitsari. Ta waje, yadi mai zif ko igiyar ɗauri, wanda ake cirewa a wanke. In da hali, tela ya ɗinka rigar waje kashi biyu. In ɗaya tana kan igiyar shanya, ɗaya tana kan kujera.

Ga abin da ya kamata mu sani game da abin rufin kujera:

1. Yadin auduga mai kauri, mai matsattsiyar saƙa. Yana jure wanki da ruwan zafi. Ba ya sa zufa. Amma a jiƙa shi a shanya kafin a kai wa tela, domin auduga tana tsukewa a wankin farko.

2. Leda mai kama da fata. Da tsumma da sabuni ake goge ta, ta fi kowane sauƙin tsabta. Aibinta shi ne zafi. Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, tana manne wa jiki, tana ƙara wa yara ƙurajen zufa. Sai a shimfiɗa zane a kai. Mara kauri kuma tana tsagewa da wuri, datti ya shiga tsagar.

3. Fatar gaske. Dukawanmu sun gwanance da aikin fata, fatar jar akuyar Maraɗi kuwa sunanta ya kai ƙasashen waje. Amma fata ba ta son jiƙa. Fitsari yana ɓata ta, ba a kuma wanke ta cikin ruwa.

4. Karan-miski da duk yadi mai gashi. Yana riƙe ƙura, tabo ba ya fita da sauƙi. A bar shi sai yara sun girma.

Game da launi, fari yana nuna kowane tabo. Mai zane-zane, launi tsaka-tsaki, ya fi rufin asiri. Amma mu tuna, launi mai duhu ɓoye datti yake yi, ba kawar da shi ba. A wanke riga ko ido bai ga datti ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kada ya ci bashi don kujerar soso. Kujerar ƙarfe mai saƙar zaren roba tana wankuwa da bokitin ruwa guda, ta bushe nan take. Tabarmar kaba mai tsabta ta fi kujerar soso mai wari.

Hattara da kujera ta hannu

Tsohuwar kujera tana da araha, amma araha ba ta ado. Sau da yawa ta nan ƙazunzumi ke shiga gida. Kafin mu biya kuɗi, mu kifa ta a fili da rana. Mu buɗa ɗinki da lunguna. In mun ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar na tawada, ko ƙananan ƙwai farare, ko ɓawon ƙwari, mu bar ta. Mu sunsuna soson. In yana warin fitsari ko ruma, ba wankin da zai gyara shi. In ƙashin kujerar yana da kyau, ana iya sayensa, a ƙona lungunansa da tafasasshen ruwa, a sa sabon soso.

In abu ya zube

Gaggawa ita ce magani. A kwashe abin da ya zube. A danna tsumma ya tsotse, kada a cuɗa, domin cuɗawa tana tura datti ciki.

Nono, ƙwai da jini: da ruwan sanyi da sabuni ake fara wanke su. Ruwan zafi yana dafa tabon ya kama yadi.

Man gyaɗa, manja da miya: a barbaɗa garin rogo ko hoda ya tsotse man, a kakkaɓe, sa'an nan a wanke da sabuni da ruwan ɗumi.

Kashi da amai: a cire rigar soso, a zubar da ƙazantar cikin masai, a wanke da sabuni da ruwa mai zafi, a shanya a rana ta bushe sarai. Leda da ƙarfe da katako, a fara wanke su da sabuni, sa'an nan a goge da ruwan jabel. In an rubuta 2,6% a jikin kwalba, ma'auni 1 na jabel cikin ma'auni 4 na ruwa. In an rubuta 12°, ma'auni 1 cikin ma'auni 6. A bari minti 10, a ɗauraye. Jabel yana cin launin yadi. Kada a haɗa shi da wani maganin wanki, kada a zuba shi kan fitsari, domin yana fitar da iska mai cutarwa. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai. Bayan an gama, a wanke hannu da sabuni.

Kowane mako, a fitar da sosuna waje a bubbuge su, a bar su su sha rana ciki da bai. Yara su yi nisa lokacin da ƙura ke tashi.

In ƙazuwa ta shiga gida, a je gidan likita a yi wa kowa magani lokaci guda. A wanke rigunan kujera da ruwa mai zafi. Ƙwaron ƙazuwa ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba a jikin mutum ba. Don haka abin da ba ya wankuwa a ajiye shi gefe kwana 3, kowa kada ya taɓa.

Gargaɗi uku

Na farko, maganin gona ba na ɗaki ba ne. Wasu na fesa piya-piya ko maganin ƙwarin wake a kujera don kashe ƙazunzumi. Soso yana shanye gubar, yaro ya kwanta a kai, ta shiga ta fata da numfashi. Mafi muni shi ne ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake don ajiya. In ta ji danshi tana fitar da iska mai kisa, kuma gubarta ba ta da makari. Kada a taɓa ajiye ta cikin ɗakin da mutane ke kwana. Tafasasshen ruwa yana kashe ƙazunzumi da ƙwansa. A zuba a tsagar katako da lungunan ƙarfe, yara suna nesa. A maimaita bayan kwana 10, saboda waɗanda suka tsira.

Na biyu, soso abokin wuta ne. Yana kamawa da sauri, hayaƙinsa guba ne. Kaskon turare, fitilar kananzir, kyandir, garwashin shayi da maganin sauro na ƙonawa, duk a nisanta su daga kujera.

Na uku, kujera ba gadon jinjiri ba ce. Yana iya mirginowa ya faɗi. Fuskarsa tana iya nutsewa cikin soso ko tsakanin sosuna, numfashi ya gagara. A kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi, cikin gidan sauro mai magani.

Ƴan uwa, kujera kayan shekaru ce. In maigida zai je saye, ya yi shawara da uwargida, domin ita ta fi sanin wahalar wanki. In iyaye za su yi wa ɗiyarsu kayan ɗaki, su tuna da jikokin da ke tafe. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke ɓuya cikin kujera mara tsabta?
2. Don me ake yi wa soso riga biyu?
3. Taƙi nawa ya kamata a samu tsakanin ƙasa da cikin kujera?
4. Me za mu duba kafin mu sayi kujera ta hannu?
5. Don me ba a kashe ƙazunzumi da maganin gona?
6. Rubuta abu uku da za a nisanta daga kujerar soso.