Ba Kowace Gudawa Ce Ke Jin Flagyl Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin jama'a, har ana ba da ita kamar fatawa: wai duk cikin da ya ɓaci, Flagyl ne maganinsa. Yaro ya yi zawo sau biyu, uwa ta aika kemis a sayo na ruwa. Magidanci ya kwana yana zarya banɗaki, da safe ya haɗa Flagyl biyu da kafso ja da yalo ya kora da shayi. Sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan a kawo mana bayan gida ɗakin gwaji a ce mu duba, alhali maganin ya riga ya rikita abin da za mu gani. Na gaji da maimaita wannan bayani baki da baki, shi ya sa na rubuta shi.

Flagyl, wanda sunansa na asali metronidazole, an fito da shi ne a Faransa a wajajen 1960 don kashe Trichomonas, wata ƙwaya mai haddasa ƙaiƙayi da fitar ruwa a gaban mata. Daga baya aka gano yana kashe wasu 'yan uwanta da ke zama a hanji. Dukansu suna cikin rukunin halittun da ake kira furotozowa. Kowacensu ƙwaya ɗaya ce tal, amma tana ci, tana motsi, tana hayayyafa da kanta, kuma ta fi bakteriya girma da sarƙaƙiyar jiki nesa ba kusa ba. Yawancin furotozowa ba ruwansu da mutum. Suna nan cike da tafki da kududdufi da ƙasar gona suna cinye bakteriya, wasu a tumbin saniya suna taya ta narkar da ciyawa, wasu a cikin gara suna narkar mata da itace.

Masu cutarwar kuwa kowace da halinta. Amiba tana tafiya ne ta hanyar miƙa wani sashe na jikinta sannan ta ja sauran. Giardia da Trichomonas da Trypanosoma mai kawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane suna iyo da wasu zarurruka kamar bulala. Plasmodium na zazzaɓin cizon sauro da Cryptosporidium da Eimeria mai sa kaji kashin jini kuwa kutsawa suke yi cikin ƙwayoyin jiki su ɓuya. Flagyl yana aiki ne kawai a kan waɗanda ke rayuwa inda babu iska sosai, wato amiba da Giardia da Trichomonas, da wani rukunin bakteriya mai irin wannan hali. Ba ya taɓa Plasmodium. Ba ya taɓa Cryptosporidium. Ballantana bairos, wanda ko a hanya ba su haɗu ba.

To, me ke kawo yawancin gudawar yaranmu? Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda aka gudanar a ƙasashe bakwai ciki har da Mali da Gambiya, ya nuna abubuwa huɗu ne ke kan gaba wajen gudawa mai tsanani a yara 'yan ƙasa da shekara biyar: rotabairos, da Cryptosporidium, da Shigella, da wani nau'in E. coli. A cikin huɗun nan babu ko ɗaya da Flagyl ke kashewa. Ke nan uwar da ta ɗura wa ɗanta wannan magani mai ɗaci ta ƙara masa tashin zuciya ne, ga amai, ga ƙin karɓar nono, ruwan jikinsa kuma yana ta tsiyayewa. Abin da ke kashe yaro mai gudawa ke nan, ƙarewar ruwa, ba rashin Flagyl ba. Kuma a daina fakewa da cewa ai zawon haƙori ne. Haƙori ba ya sa gudawa. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki.

Sai a ce mini, to ai in an ga jini da majina atini ne, atini kuma amiba ce. A'a. A yara, kashin jini da ya zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi ya fi zama Shigella, kuma maganinta daban ne. Atinin amiba yakan zo ne a hankali, ya ɗauki makonni, ya lafa ya dawo, sau da yawa ba wani zazzaɓin kirki.

Nan kuma dole in juyo kan abokan aikina. Takardar sakamako nawa ke fita an rubuta "an ga ƙwan E. histolytica", wato amibar atini, likita ya rubuta Flagyl, kowa ya kama gabansa? Tun 1925 wani masani ɗan Faransa, Emile Brumpt, ya ce amibar nan iri biyu ce masu kama ɗaya, ɗaya mai cin hanji, ɗaya kuma, Entamoeba dispar, ba ta cutarwa. An yi watsi da maganarsa shekaru da dama, sai a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rabuwar. A ƙarƙashin madubin gwaji ba mai iya bambance ƙwansu, ko da ya shekara talatin yana aikin, kuma marar cutarwar ta fi yawa. Hujja mai ƙarfi ita ce a ga amibar da ranta ta haɗiye jajayen ƙwayoyin jini, wannan kuwa sai an duba bayan gida da ɗuminsa, cikin rabin awa zuwa awa guda. Wanda aka ɗebo da asuba a kwalin ashana aka kawo bayan azahar ba abin da zai nuna. Ɗakin gwajin da ke karɓar irin wannan ya karɓi kuɗi ya buga sakamako, sayar da takarda yake yi.

Ga gargaɗin da nake so a riƙe ko da an manta sauran. Idan amibar ce da gaske, shan Flagyl na kwana biyu ya fi rashin sha haɗari ta wata fuskar, domin yana rufe ido. Ciwo zai lafa, mutum ya ɗauka ya warke. Ana shan sa ne kwana bakwai zuwa goma, kuma ko an cika kwanakin bai cika share waɗanda suka rage a cikin hanji suna zama ƙwai ba. Sai an biyo da magani na biyu, paromomycin ko diloxanide. Mutum nawa ne ya taɓa jin sunansu a bakin mai kemis? Wanda bai sha na biyun ba zai ci gaba da zubar da ƙwan cutar yana rarraba wa iyalinsa, kuma amibar na iya bin jini ta sauka a hanta ta tara mugunya. Bayan watanni sai a ga magidanci da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana ta yi masa maganin maleriya da taifot, ana jiƙa masa sassaƙen shawara, alhali hoton ciki kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take. Ina maimaitawa: ko dai a sha cikakke bisa umarnin likita, ko a bar shi a kemis. Mai shan barasa kuma ya sani, ba a haɗa ta da Flagyl.

Abin yi ba shi da tsada. Gudawar ruwa ba jini, a fara da ruwan gishiri da sukari na leda tun daga zawon farko. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Yaro ya sha sinadarin zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Kada a ba yaro ko mai kashin jini maganin tsayar da gudawa irin su Imodium. A garzaya asibiti idan an ga jini, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko gudawar ta kai mako biyu, ko tana zuba kamar ruwan shinkafa. Rigakafin rotabairos ya shiga jerin rigakafin yara a Nijar tun 2014, a Najeriya kuma a 2022, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati.

Ƙwan amiba da Giardia da Cryptosporidium suna da taurin ɓawo, kulorin da ake zuba wa ruwan sha ba ya gamawa da su duka. A 1993 Cryptosporidium ya bi ruwan famfo ya kwantar da mutum kusan 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka. Tafasa ruwa ce ke kashe su. Latas da kabeji da karas ɗin da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata, yayyafin da mai salak ke yi musu ba wanki ba ne. Mai gudawa kuma ya bar wa wani girki da rabon abinci har sai ya warke, ya kuma wanke hannu da sabulu, ba da ruwan buta kaɗai ba.