HORAR DA DASHEN ITATUWA KAFIN A FITAR DA SHI GONA A FARKON DAMINA

Gabatarwa

Manoman Keffi da kewayenta, kamar Kokona da Garaku da Karu, suna dasa mangwaro da lemu da yazawa da gwaba da kwakwar manja domin ci da sayarwa. Yawancin wannan dashe ana renonsa ne a cikin leda, a ƙarƙashin rumfa ko inuwar babbar bishiya, tun daga rani har zuwa faɗuwar ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko dashe daga inuwa da safe, a dasa shi a filin Allah a ranar. Bayan kwanaki kaɗan sai ka ga ganyen ya ƙone, ya kaɗe, wani ma ya mutu murus, sai a ɗora laifin a kan mai sayar da iri. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka saba wa dashenka da rana da iska da ƙarancin ruwa sannu a hankali kafin ka kai shi gona. Wannan aiki shi ake kira horar da dashe.

Me ya sa dashen inuwa yake mutuwa a fili?

Ganyen da ya tsiro a inuwa yana da faɗi da laushi, fatarsa kuma siririya ce. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ruwa yake fita ta cikinsu. Idan rana mai zafi da iska suka bugi irin wannan ganye farat ɗaya, ruwan da yake fita ya fi wanda saiwa take iya jawowa, musamman da yake saiwar a takure take cikin leda. Daga nan ganye ya yi yaushi, ya yi fari-fari ko ja-ja kamar an babbaka shi. Ganyen da ya ƙone ba ya warkewa. Dole itacen ya ɓata ƙarfinsa wajen fitar da sabo, a lokacin da ya kamata ya kafa saiwa.

Ka dubi asarar da lissafi. Hekta ɗaya ta lemu tana cin dashe kimanin 204. Idan kashi ɗaya cikin huɗu ya mutu, ka rasa dashe 51, ga kuɗin saye da na dako da na haƙar rami, ga kuma shekara guda da ta wuce.

Lokacin da ya dace a yankin Keffi

A wannan yanki ruwa yakan fara sauka a watan Afrilu, ya ɗauke a watan Oktoba. Amma kada ruwan farko ya ruɗe ka. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya ko biyu a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, sannan a yi kwanaki babu ko ɗigo, alhali lokacin ne zafin bazara yake kan ganiyarsa. Saboda haka ka fara horar da dashe a watan Afrilu, ka dasa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da damina ta zauna. Kafin ka dasa, ka tona ƙasa zurfin santimita 30; idan akwai laima har ƙasa, to lokaci ya yi. Kada ka wuce watan Yuli, domin itace yana bukatar watanni uku zuwa huɗu na ruwa ya kafa saiwa kafin hunturu ya shigo. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ka tambayi malamin gona abin da hasashen ya nuna game da ƙaramar hukumarku.

Yadda ake horar da dashe

Dashen itatuwa yana bukatar mako uku zuwa huɗu. Ka bi waɗannan matakai:

Mako na 1: Ka rage kimanin kashi ɗaya cikin uku na ciyawa ko ganyen kwakwa da ke kan rumfa. Idan a ƙarƙashin bishiya dashen yake, ka matsar da shi gefen gabas inda zai sami ranar safe kawai. Ka daina zuba takin zamani, domin taki yana sa sabon toho mai laushi.

Mako na 2: Ka ƙara rage rumfa har ta koma rabi. Idan da kana ban ruwa safe da yamma, ka koma sau ɗaya a rana. Ka ɗaga kowace leda ka sake mata wuri; duk saiwar da ta huda leda ta shiga ƙasa, ka yanke ta da wuƙa mai kaifi, sannan ka ba dashen ruwa sosai.

Mako na 3: Ka kwashe sauran rumfa, amma ka tanadi zana ko asabari da za ka kare dashen da tsakar rana idan zafi ya tsananta. Ka ba ledoji tazara domin iska da haske su ratsa tsakaninsu.

Mako na 4: Ka bar dashe a fili dare da rana. Ka ba shi ruwa bayan kwana bibiyu idan ba a yi ruwan sama ba.

Rage ruwa ba yana nufin a bar dashe da ƙishirwa ba. Idan ganye ya ɗan yi laushi da rana ya farfaɗo da yamma, babu damuwa. Idan kuwa ka wayi gari ka tarar da shi a langaɓe, to ka yi gaggawa. Ka ƙara ruwa, ka mayar da inuwa na kwana biyu ko uku.

Dashen da ya horu za ka ga ganyensa ya yi kauri da duhu, karansa ya yi ƙwari, kuma yana wuni a rana ba tare da ya langaɓe ba. Ka ware duk mai cuta, da mai lanƙwasasshen kara, da wanda ya tsumbure. Idan sayo dashen ka yi, ka tambayi mai shi ko an horar da shi. In kana shakka, ka ajiye shi a gida ka horar da shi da kanka na mako biyu aƙalla.

Shirya ramuka

Ka haƙa ramuka mako biyu zuwa huɗu kafin ranar dashe, wato lokaci ɗaya da horarwa. Faɗi da tsawo da zurfin rami su zama santimita 60 kowanne. Ka ajiye ƙasar sama gefe guda, ka gauraya ta da bokiti ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen takin gargajiya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Tazarar da aka saba bayarwa ita ce: mangwaro mita 10 da 10, wato itace 100 a hekta, yazawa mita 9 da 9, kimanin 123, lemu mita 7 da 7, kimanin 204, gwaba mita 6 da 6, kimanin 277. Ka guji wurin da ruwa yake kwanciya, kamar fadamar da ke bakin kogin Antau, domin lemu da yazawa ba sa jure jiƙewar saiwa.

Ranar dashe

1. Ka ba dashe ruwa sosai a daren jajibiri domin ƙasar leda ta kama jikinta.
2. Ka ɗauki dashe ta gindin leda, ba ta kara ba. Idan a mota ko babur za ka kai shi, ka rufe shi da buhu mai laima saboda iskar hanya.
3. Ka dasa da yamma ko a ranar da gari ya yi lumshi.
4. Ka tsaga leda da reza ka cire ta gaba ɗaya, ba tare da ka fasa dunƙulen ƙasar ba. Kada ka bar ledar a gona, domin dabbobi suna haɗiye ta.
5. Ka daidaita dashen yadda saman ƙasar leda zai zo daidai da fuskar gona. Idan mai aure ne, gaɓar auren ta tsaya sama da ƙasa sosai.
6. Ka mayar da ƙasa, ka danna ta da hannu, ka zuba ruwa bokiti guda.

Kulawa bayan dashe

Ka lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa, amma ka bar tazarar taƙi ɗaya daga kara saboda gara da ruɓewa. Ka kafa sanda ka ɗaure dashen sako-sako domin guguwar farkon damina. Ka kewaye shi da ƙaya ko kwando saboda awaki. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure ka cire shi. Idan aka yi mako guda babu ruwan sama, ka yi ban ruwa. Kada ka zuba takin zamani sai sabon ganye ya fito, bayan mako huɗu zuwa shida. Ka maye gurbin waɗanda suka mutu tun damina ba ta yi nisa ba. Idan kaka ta yi, ka share gefen gona domin kariya daga gobarar daji.

Kayan lambu da furannin tukunya

Ka'idar ɗaya ce, sai dai kwanakin ba su kai haka ba. Tumatir da attarugu da tattasai da yalo suna bukatar kwana 7 zuwa 10 na rage inuwa da ruwa kafin a cire su daga bedi. Haka kuma furannin tukunya da ake ajiyewa a falo ko ofis. A ƙasashen sanyi kamar Ingila, ana jira sai an daina jaura a fitar da su waje a hankali. Mu a nan rana ce abin tsoro. Idan kana so furenka ya sha ruwan damina, ka fara ajiye shi a baranda, sannan ƙarƙashin bishiya. Ka tabbata tukunyar tana da huji a gindi, kada kuma ka bar ruwa ya taru a farantin da ke ƙarƙashinta saboda sauro.

Ga malamin gona

Gani ya kori ji. Ka ware dashe 20 iri ɗaya a gonar gwaji, ka horar da 10, ka bar 10 a inuwa, ka dasa su rana ɗaya a gaban manoma. Bayan mako uku ka sake tara su su ƙirga da kansu. Domin samun ingantaccen iri, ka haɗa manoma da ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Nasarawa, wato NADP. Cibiyar NIHORT da ke Ibadan ce take bincike a kan lemu da mangwaro, CRIN a kan yazawa, NIFOR da ke kusa da Benin kuma a kan kwakwar manja.

Kammalawa

Horar da dashe ba ya cin kuɗi, haƙuri kawai yake bukata. Ka rage inuwa da ruwa mataki-mataki, ka jira damina ta zauna, ka dasa da yamma, ka kuma kare dashen daga awaki da wuta. Itacen da za ka ci moriyarsa shekaru da dama, kai da 'ya'yanka, ya cancanci ka ba shi mako huɗu. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa.