Numfashin Injin Mota: Yadda Ake Karanta Ma'aunin Matsin Iska

Gabatarwa

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya da Magama, ta tsallaka Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, tsohuwar hanyar fatauci ce. An rufe wannan iyaka a shekarar 2019 aka buɗe a 2022, aka sake rufe ta a 2023 aka buɗe a 2024. Ko da yaushe aka buɗe, manyan motoci ne kan fara yin layi a bakin shingen kwastan. A gaban direbobin wasu daga cikin motocin nan akwai wani ɗan ma'auni mai allura, kamar agogo, wanda ba kowa ne ya san karatunsa ba. Aikinsa shi ne nuna yadda injin yake numfashi. Direban da ya iya karanta shi ya tsirar da mai da inji. Wanda bai iya ba kuwa, sai hayaƙi ya ba shi labari bayan ɓarna ta auku.

Wuta ba ta ci sai da iska

Injin mota da jikin ɗan Adam buƙatarsu ɗaya ce. Jiki yana ƙona abinci da iskar oksijin don ya sami kuzari, inji kuma yana ƙona fetur ko gas da ita. Oksijin kashi 21 ne kacal cikin ɗari na iskar da ke kewaye da mu. Saboda haka injin fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai sarai. Ƙara mai ba tare da ƙara iska ba, hayaƙi kawai yake haifarwa. Maƙeri ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ba ya rabuwa da zugazugi.

Hanyoyin shigar da iska iri biyu ne, kuma duka akwai su a cikin halittu. Mutum zuƙowa yake yi: ƙirji ya buɗe, matsin iskar da ke cikin huhu ya yi ƙasa da na waje, sai iska ta kwararo ciki. Haka injin gama-gari yake yi duk lokacin da fistin ya sauka. Kwaɗo kuwa turawa yake yi: ya cika baki da iska, ya toshe hanci, ya ɗaga maƙoshi ya danna ta cikin huhu. Injin da aka ɗaura wa famfon iska, numfashin kwaɗo yake yi.

Famfon iri biyu

Na farko shi ne sufacaja, wanda bel yake juyawa kai tsaye daga injin. Asalin wani nau'insa na 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Philander da Francis Roots, waɗanda suka yi masa rajista a 1860, tun kafin a fara ɗaura shi a mota. Na biyu shi ne tobo, wanda injiniyan Siwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905. Shi hayaƙin da ke fita zuwa salansa ne yake juya shi, har fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Yawancin tirelolin da ke bi ta Jibiya tobo gare su. Amma ma'aunin iri ɗaya ne, karatunsa ma kusan ɗaya ne.

Abin da allura take faɗa

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, sifirin wannan ma'auni ba ya nufin babu iska. Yana nufin matsin da ke cikin bututun shigar iska daidai yake da na waje. A bakin teku matsin iskar waje bar 1.013 ne, wato psi 14.7. Ƙasar Katsina kuwa tana kan tudu, kimanin mita 400 zuwa 500 sama da teku, don haka matsin nan ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari. Alal misali, idan allura ta nuna bar 1 a Jibiya, ainihin matsin da ke cikin bututu shi ne 0.96 a tara da 1, wato bar 1.96. Inji yana samun kusan ninki biyu na iskar da zai iya zuƙowa da kansa ke nan.

Idan motar fetur tana tsaye inji yana aiki, allura takan faɗa ƙasa da sifiri, wajen −0.6 zuwa −0.7. Wannan ba lalacewa ba ce. Ƙofar iska ce a rufe, fistin yana zuƙa kamar mai jan numfashi da hanci a toshe. Babbar motar gas kuwa galibi ba ta da irin wannan ƙofa, saboda haka allurarta takan zauna a kusa da sifiri. Sai an taka totur da kaya a baya sannan allura take hawa: a ƙananan motoci zuwa bar 0.5 ko 1, a manyan motoci zuwa 1.5 ko 2, ko fiye. Ta sufacaja takan tashi nan take, ta tobo kuwa takan ɗan yi jinkiri har hayaƙi ya yi ƙarfi. Don haka ba a yanke wa inji hukunci mota tana tsaye a layi. A kan hanya ake gwada shi, da lodi.

Idan allura ta gaza

Idan allura ta kasa kai inda ta saba, iska tana ɓacewa a wani wuri. A lokacin hunturu, matatar iska ce abin zargi na farko, domin ƙurar hazon da ke sauko wa Jibiya daga Sahara takan toshe ta, kamar yadda take cika asibiti da masu asma. Na biyu shi ne tiyo da ya tsage ko ya kwance, wanda ake ganewa da ƙarar fito. A sufacaja kuma bel yakan saki ya riƙa santsi. Alamar duka ɗaya ce a motar gas: baƙin hayaƙi, rashin ƙarfi, da shan mai.

Idan allura ta wuce gona da iri

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, su ɗauka hawan allura ƙarin ƙarfi ne. Ma'aunin ba ya ƙirga yawan iskar da ta wuce, matsi kawai yake aunawa, kuma matsi yakan hau idan hanya ta ƙuntata. Mai hawan jini bai fi kowa yawan jini ba; hanyoyin jininsa ne suka tsuke, zuciya take wahala. Haka nan idan salansa ta toshe a injin sufacaja, allura tana iya hawa alhali ƙarfi yana raguwa. A tobo kuma akwai wata ƙofa da take zubar da rarar hayaƙi. Idan ta maƙale a rufe, matsi ya wuce kima, yana iya ƙona gasket ko fasa fistin.

Bugu da ƙari, allura ba ta san zafi ba. Iska mai zafin digiri 40, irin ta bazarar watan Afrilu, ta gaza mai digiri 20 nauyi da kimanin kashi 6 cikin ɗari, ko da matsinsu ɗaya ne. Matsa iska ma yana ƙara mata zafi. Dalilin da ya sa ke nan ake ratsa ta cikin na'urar sanyayawa da ke gaban lagireto kafin ta shiga inji.

Kammalawa

Lambar da take daidai ga wata mota, ba lallai ta zama daidai ga wata ba. Abin da ake so ga direba shi ne ya san inda allurarsa take tsayawa lokacin da inji yake lafiya, a giya kaza da lodi kaza, ya kuma garzaya wajen bakanike da zarar ta sauya hali, ko sama ko ƙasa.

Aikin aji

1. Allura ta nuna bar 0.8 a Jibiya. Nawa ne ainihin matsin iskar da ke cikin bututu?
2. A toshe bakin sirinji marar allura da yatsa, a ja, sannan a danna. Wanne ne numfashin mutum, wanne ne na kwaɗo?
3. Me ya sa hawan allura ba kullum yake nufin ƙarin ƙarfi ba?