Sanin Kalmomin Likita Game Da Ciwon Daji

Jama'a, sau da yawa majinyaci yakan fito daga ɗakin likita da takarda a hannu, bai gane abin da aka gaya masa ba. Kunya ta hana shi tambaya, tsoro kuma ya hana shi komawa. Don haka muka ga ya dace mu warware ma'anar kalmomin da aka fi ji a asibiti game da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Ƙari. Ku sani an gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace takan yi zamaninta ta mutu, wata ta maye gurbinta. Idan wasu suka bar wannan tsari suka yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, sai su taru su zama ƙari. Akwai ƙarin da ke zama wuri guda, ba ya cin naman da ke kusa da shi. Akwai kuma mai ci yana yaɗuwa, wannan shi ne sankara. Ashe ba kowane kumburi ba ne daji, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa.

Bayofsi. Lalube da hoto ba su isa su tabbatar da sankara ba. Sai likita ya yi allurar kashe zafi, ya tsinko ɗan nama, wani lokaci bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya aika ɗakin gwaji a duba shi da madubin da ke ƙara girman abu. Wannan shi ne bayofsi. A nan ne mutane da yawa ke guduwa, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Wannan magana ta jawo asarar rayuka. Abin da ke faruwa shi ne, akan zo asibiti bayan cuta ta riga ta yi nisa, in ta tsananta sai a ɗora wa allura laifi. Jinkiri ne ke ba ta damar yaɗuwa.

Mataki. In an tabbatar, likita zai faɗi matakin cutar, daga 1 zuwa 4. A mataki na 1 ƙarin ƙarami ne, yana inda ya tsiro. A na 2 da na 3 ya girma, ko ya kai ga kaluluwar da ke kusa, kamar ta hammata a sankarar mama. A na 4 ya bi jini ya isa ƙashi, hanta ko huhu. Gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon sauƙin magani.

Magani. Tiyata ita ce cire ƙarin. Kemo magani ne da ake bayarwa ta ƙarin ruwa ko ƙwaya, zagaye bayan zagaye, da hutu a tsakani. Yakan jawo tashin zuciya da zubar gashin kai, amma gashin yakan sake tsirowa. Maganin da ake kira gashi kuwa ba ƙonawa da wuta ba ne. Haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aunawa daidai wurin ciwon na 'yan mintoci. Asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da sashen wannan aiki.

Riga-kafi. Mamogiram hoton mama ne da ke gano ƙari tun hannu bai ji shi ba. Gwajin bakin mahaifa yana gano canji tun bai zama sankara ba. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa akasarin sankarar bakin mahaifa, kuma tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurarta kyauta. Haka allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai tana kare su daga sankarar hanta.

To, jama'a, duk wanda ya je gaban likita ya tambayi abu uku: wace irin cuta ce, wane mataki take, mene ne abin yi. In bai gane ba ya nemi a maimaita masa da Hausa, haƙƙinsa ne. Wanda ya ji kumburin da bai saba ji ba ya tafi asibiti tun da wuri. Allah Ya ba mu lafiya.