Daga Bakin Tabki Zuwa Randa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan ruwa ne, watau yadda iyali za su bi da shi tun daga bakin gulbi har ya shiga bakin yaro. Mu da mu ke zaune a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga ba mu san ƙishirwa irin ta mutanen tudu ba. Kogin Kwara yana ƙofarmu. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968, ruwa ya koma baya ya zama tabki mai tsawon fiye da kilomita 130, har ya kai wajen Yelwa. Wajen mutum 44,000 aka tayar daga garuruwansu da gungunansu aka kai su sababbin wurare. Tabkin nan ya ba mu kifi da noman albasa da hanyar jirgi zuwa kasuwa. Amma yawan ruwa dabam, ruwa mai kyau dabam. Lafiyar gida tana hannun wanda ya san wannan bambanci.

1. Abin da ido ba ya gani

Kwara yana cika sau biyu a shekara. Ciko na fari na ruwan damina ne, ya kan zo da laka, ya yi fari kamar kunu. Na biyu ya kan iso da hunturu, daga can duwatsun ƙasar Gini, kafin ya zo nan lakarsa ta kwanta, ya yi garau. Mutane da yawa su kan ce ruwan hunturu ba ya bukatar kome, gama ana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Wannan kuskure ne. Ƙwayoyin da ke kawo zawo da kwalara da taifod ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ba su kuwa da wari. Daga bayan gida su ke fitowa, ruwan sama ya kwashe su daga bakin daji ya zuba cikin tabki, mu kuwa mu ɗebo. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, jihar Kebbi tana cikin inda ta taɓa.

Saboda haka aikin fari ba a bakin ruwa ya ke ba, a bayan ɗaki ya ke. Kowane gida ya haƙa salga mai murfi, nesa da rijiya, a gangare da ita. Kashin jariri ma a zuba shi cikin salga, gama yana ɗauke da cuta kamar na babba.

2. Gyaran ruwan sha

Matakai uku ne. Na ɗaya, a bar ruwa ya kwanta. In yana da laka, a sa ɗan alam, ko a daka busassun 'ya'yan zogale a dama a ciki, a bar shi kamar sa'a guda, sa'an nan a tsiyaye na sama. Na biyu, a tace da ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka. Na uku, a kashe ƙwayoyin cuta. Ko a dafa ruwan ya tafasa sosai na minti guda, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard bisa ga awon da aka rubuta a jikin kwalba, a jira rabin sa'a. Mu lura da kyau, alam da zogale suna kawar da laka ne kaɗai. Wanda ya tsaya a mataki na biyu bai gama aiki ba tukuna.

Watakila wani ya ce itace yana da tsada. Gaskiya ne. Amma ba dukan ruwan gida za a dafa ba, sai na sha. In an sauke tuwo, garwashi yana nan, sai a ɗora tukunyar ruwa a kai, a ƙara ɗan kara. Kuɗin itacen wata guda bai kai kuɗin kwana biyu a gadon asibiti ba.

Kada mu rena ƙaramin aiki irin wannan. Dattawanmu sun san kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu shi a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. Da me aka kore shi? Da ƙyallen tacewa, da rijiyoyi masu kyau, da hana mai ciwon shiga kududdufi. Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sun zaga ƙauyuka saboda wannan yaƙi, amma matan da suka riƙa tace ruwa kowace safiya su ne suka ci shi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da kurkunu.

3. Tsaron randa

Sau da yawa ruwa ya kan iso gida da kyau, ya lalace cikin randa. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya tsoma ta har da hannunsa, ya sha, ya mayar da saura. Ga ƙa'idar da za a koya wa kowa a gida. Randa ta kasance a rufe kullum. Moɗa ta zama mai dogon hannu, a rataye ta, kada ta taɓa ƙasa. Da ita za a ɗiba a zuba cikin kofi, ba a sha da ita. A wanke randa da jarka aƙalla sau ɗaya a mako. A wanke hannu da sabulu, in babu, da toka, bayan an fito salga, bayan an yi wa yaro tsarki, kafin a dafa abinci, kafin a ci. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nono kaɗai ya ishe shi, ko a cikin zafin bazara.

4. Wanka da tsargiya

Akwai cutar da ba ta bukatar a sha ruwa. In yaro yana fitsarin jini, waɗansu su kan ce alamar girma ce. Ba haka ba ne, tsargiya ce. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alkahira a 1851. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin ruwan da ba ya gudu, daga nan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai wanki. Gefen tabki mai ciyawa shi ne gidanta. In an bar ta shekara da shekaru, ta kan lalata mafitsara da ƙoda. Masunci ba shi da hanyar guje wa ruwa, amma yara suna da ita. A ɗebo ruwan wankansu a ajiye shi kwana biyu, tsutsar za ta mutu. A hana fitsari cikin tabki. In an kawo maganin praziquantel makaranta, a bar yara su sha.

5. In zawo ya riga ya shigo

Rigakafi ya fi magani, amma duk da haka wata rana cuta ta kan shiga. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Kowace uwa da kowane uba su haddace wannan awo: lita ɗaya ta ruwan da aka dafa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. In akwai ƙunshin ORS na asibiti, shi ya fi. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan da cokali, a ci gaba da ba shi nono da abinci, a nemi ƙwayar zinc ya sha kwana 10 zuwa 14. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan da a ke ƙarawa ta jijiya, sai ya ba masu kwalara ruwan gishiri da sukari su sha. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. In yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko akwai jini a kashinsa, kada a jira gari ya waye. A nufi asibiti, ana ba shi ruwan a hanya.

Aikin nan ba na mata kaɗai ba ne. Maigida shi ne zai haƙa salga, ya sayo sabulu da sukari, ya kuma fara bin ƙa'idar randa da kansa, gama abin da yara suka gani shi za su yi.

Tambayoyi

1. Don me ruwa mai garau ba lalle ne ya zama mai kyau ba?
2. Wane mataki ne ke kashe ƙwayoyin cuta?
3. Ta yaya tsargiya ke shiga jiki?
4. Faɗi awon ruwan gishiri da sukari ba da duba takarda ba.
5. Ina moɗar gidanku ta kwana jiya?