Yadda Ake Tsara Jadawalin Wallafa da Kalandar Waya

Yawancin masu shafin kasuwanci a Facebook suna da ɗabi'a guda: yau su saka hotuna goma a jere, sai a yi makonni uku ba a ji ɗuriyarsu ba. Tela a Gwaram ko mai sayar da wayoyi a Birnin Kudu da ke yin haka yana asarar masu saye, domin wanda ya leƙa shafi ya ga babu sabon abu zai ɗauka an daina harkar. Manhajoji biyu na kyauta sun isa magance wannan: Google Calendar da Meta Business Suite.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Google Calendar tunatarwa kawai take yi, ba ta wallafa komai. Meta Business Suite kuwa tana da sashen Planner, inda ake ɗora hoto da rubutu, a zaɓi rana da lokaci, ita kuma ta sake su a shafin Facebook ko Instagram. Da shafi take aiki, ba da asusun mutum na yau da kullum ba, kuma dole asusun Instagram ya zama na kasuwanci ko na masu ƙirƙira.

Matakin farko a Google Calendar ake yin sa. A ware rana ɗaya a mako don ɗaukar hotuna da rubuta bayani, a sa ta riƙa maimaita kanta. Sai a zaɓi ranakun wallafa. Uku a mako sun wadatar. Wanda ya ɗora wa kansa kullum ba kasafai yake kai wata ba. Kowane irin saƙo a ba shi launinsa: sabon kaya, farashi, sanarwa. Ranakun su bi yadda garin yake tafiya. Mai kai kaya kasuwar Sara ya sa tallarsa ta fita jajiberin cin kasuwa da yamma, lokacin da mutane ke shirya abin da za su saya.

Babban amfanin Planner shi ne, da zarar an ɗora saƙo ya hau, zai fita a kan lokaci ko da cajin waya ya ƙare ko sabis ya ɗauke. Saboda haka ana iya ɗora aikin mako guda a zama ɗaya, a inda sabis ke da ƙarfi, ko da datar dare mai rahusa. A duba agogon manhajar yana kan lokacin Najeriya, wato GMT+1. Shi kuwa Status na WhatsApp bayan awa 24 yake ɓacewa, don haka a sa masa tunatarwa a kalanda, a ɗora da hannu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne azumi da Sallah. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, shi ya sa maimaitawar shekara-shekara ba ta yi musu. Google Calendar tana iya nuna kwanan watan Hijira a cikin saituna, amma lissafi ne kawai; a Najeriya sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi ake bi, kuma ana iya samun bambancin kwana ɗaya. Gaisuwar barka da Sallah a ajiye ta a shirye, sai an yi sanarwa a sake ta. Tela kuma ya sa wa kansa ranar daina karɓar ɗinki, ya sanar tun farkon azumi.

Manhaja ba ta san an yi rasuwa a unguwa ba, ba ta san farashi ya tashi ba. Duk safiya mai shafi ya buɗe Planner ya ga abin da zai fita ranar. Idan ana zaman makoki, ya ɗage tallar zuwa wata rana; idan kuɗin kaya ya canza, ya gyara kafin lokacin fitarta ya yi.